Amsa ga Malamin da ke neman mai ɗaukar nauyin mujallar fasahar koyarwa

Wa'alaikumus salam Malam. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, cewa ku 'yan malamai ne a kwalejin ilimi kuna son buɗe mujalla a intanet kan amfani da fasaha wajen koyarwa, kuma wani kamfani mai sayar da manhajar makarantu ya ce zai ɗau nauyi, shin ku karɓa ko ku nemi wata hanya. Na bari sai da safe don in amsa maka a nutse, saboda hanyar nan na bi ta kuma ƙayarta ta soke ni.

Mu tamu mun fara ta ne a 2020, bayan an rufe makarantu a watan Maris saboda korona. Kowa na ta maganar karatu ta Zoom da darasi ta rediyo, amma in ka nemi rubutu kan yadda abin yake a ajin da ke da yara tamanin ba wuta ba sabis, sai dai ka tarar da binciken Amurka da Ingila. Shi ya sa na ji daɗin tambayarka wallahi, ana buƙatar irin wannan mujallar sosai. Ka duba fa, tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau akwai yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da hannunsu ya taɓa linzamin kwamfuta, toh wa zai rubuta wannan in ba mu ba?

Abu na farko, ka san me ake ɗaukar nauyinsa tukuna. Manhajar da yawancin mujallu ke hawa a kai, wato OJS, kyauta ce, wasu ne a jami'ar Simon Fraser ta Kanada suke kula da ita, ba wanda zai ce ka biya sisi. Lambar ISSN kuma, wato lambar shaidar mujalla, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake nema, sau ɗaya ne an gama. Abin da ke kashe mujalla ƙananan kuɗaɗen nan ne da ke dawowa duk shekara: sabunta sunan shafin, kuɗin hayar saba, wato kwamfutar da ake ajiye maƙalun a intanet, lambar DOI, wato lambar shaidar kowace maƙala da ake biyan ƙungiyar Crossref kuɗinta da dala, datar wanda ke bin masu tantance maƙalu da waya, da ɗan hasafin wanda zai tsara shafuka ya gyara Turanci. Ba su da yawa, amma ba sa jira, ranar da wa'adi ya cika shikenan.

Mu wannan ne ba mu gane ba da farko. Mun samu wani kamfani irin naka, ya ba da kuɗi dunƙule guda, murna ta ishe mu. Aka kama zaure, aka buga kyallen sanarwa, aka raba lemo da jarka-jarkan ruwa, manyan baƙi suka yi jawabi, kusan rabin kuɗin a taron ƙaddamarwa ya tafi. Ba takarda ko ɗaya tsakaninmu da su, magana ce ta fatar baki da musabaha.

A fitowa ta uku wata malama daga wata makarantar ƙauye ta turo maƙala, kuma gaskiya ita ce mafi kyau da muka taɓa samu. Ta rubuta yadda aka kawo musu allunan karatu na zamani, aka ɗau hoto, sannan aka jera su cikin kwali a sito saboda babu inda za a yi caji, hedimasta kuma yana tsoron a fasa a ce ya biya, kaga ko ɗaya ba ta shiga aji ba. Ba ta ambaci sunan kowa ba, amma manajan kamfanin ya gane kayansu ne. Ina aji ya kira ni har sau huɗu, da na fito na ɗauka ya ce "Malam, ai ba a cizon hannun da ke ba ka abinci, a cire wannan ko a sassauta." Muka zauna da kwamiti, masu tantancewa biyu sun riga sun amince da ita, muka ce ba za a taɓa ko wasali ba. Daga ranar wayarmu ma ba a ƙara ɗauka ba.

Muka ci gaba da karo-karo daga aljihu har 2023, da aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta wuce 700, a farkon 2024 kuma ta haura 1,500. Sabar tamu ta waje ce, da dala ake biya. Ana cikin haka wa'adi ya cika shafi ya rufe, sai a lokacin muka gano ashe sunan shafin da kalmar sirrin duk suna kan imel ɗin yaron da ya gina mana shi, shi kuma ya tafi bautar ƙasa ya canza layi. Ba zan manta ba, wani abokin aiki ya shigo ofishina da fayil ɗinsa na ƙarin girma a hammata, ya buɗe wayarsa ya nuna min, yana danna adireshin maƙalarsa fari fat ba komai, ga shi sauran kwana biyu a rufe karɓa. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi "Malam, amana na ba ku." Sati uku muka yi kafin mu samo yaron ta hannun yayansa.

Don haka shawarata, ku karɓi tallafin, ba haramun ba ne, amma kar ku karɓa sai a rubuce. Ku ce musu ba kwa son kuɗi a dunƙule, su ɗau alkawarin biyan waɗancan ƙananan kuɗaɗen na shekara uku, wanda ya yarda da wannan shi ne da gaske yake, mai neman hoto da taro kuwa nan take za ka ga ya fara kame-kame. A rubuta cewa tambarinsu zai fito a ƙasan shafi da godiya, iyakarsa kenan. Ba su da kujera a kwamitin editoci, ba sa ganin maƙala kafin ta fito, in kuma an yi rubutu kan kayansu to a faɗa wa mai karatu a fili cewa su ne masu tallafa wa mujallar. Wannan ya fi muhimmanci a fanninku fiye da a ce mujallar tarihi ce ko adabi, saboda ku abin da kuke auna ingancinsa shi ne hajar da mai tallafin ke sayarwa. Sunan shafi kuma da imel na mujalla za a yi rajistarsa, mutum biyu ko uku su riƙe kalmar sirri, in da hali ku nemi a ba ku gurbi a ƙarƙashin adireshin kwalejin na edu.ng, da naira ne kuma ba ya bin mutum in ya tashi.

Tunda kwalejinku ta gwamnati ce, ku leƙa TETFund, asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, suna da kason tallafa wa mujallun bincike na manyan makarantun gwamnati. Sai dai ta hannun hukumar makaranta ake bi, mujallar ta zama ta kwaleji ko ta tsangaya a hukumance, kuma abin na ɗaukar lokaci, kar ku ɗora fitowar farko a kansa. Ku kuma je ku zauna da shugaban laburare da mutanen sashen kwamfuta, mu yanzu sabar makaranta ce ke riƙe da mu, wannan taimakon ya fi mana kuɗin da kamfanin ya bayar amfani nesa ba kusa ba.

Za a ba ku shawarar ku riƙa cajin marubuta kawai ku huta. A sa ɗan abu kaɗan ba laifi, amma in ya zama da shi kuke numfashi, ranar da kuɗin saba ya matso za ka ga hannunka na rawa wajen mayar da maƙalar da ba ta cancanta ba, da haka mujallu da yawa suka zama shagon sayar da ƙarin girma. Kuma malamin firamare da ya fi kowa sanin abin da ke faruwa a aji ba zai iya biya ba. Mu muna yafe musu, muna kuma sa taƙaitaccen bayani da Hausa a saman kowace maƙala, ta nan muka samu masu karatu har daga Maraɗi da Damagaram.

In kun yi shekara kuna fitowa a kan lokaci sai ku nemi shiga AJOL da DOAJ, shafukan da ke tattara mujallun bincike a intanet, su ma za su duba ko kun bayyana masu ba ku kuɗi da yadda kuke tantancewa. Kafin ku koma wurin kamfanin, ka zauna da abokan aikinka ku rubuta kuɗin shekara ta biyu da ta uku layi-layi a takarda ɗaya, ita za ku ajiye a gaban manajan. In kana son ganin yarjejeniyar da muke amfani da ita yanzu, shafi biyu ce, ka yi min magana in turo maka. Allah ya taimaka, ya sa albarka.