Nama na tsada, mai sa na kuka: wa ke yanka farashin shanu a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai kiwon turka ne, nakan ɗaure bijimai shida zuwa goma in kai su kasuwar Maigatari. Na ji kamfanin JBS zai kafa manyan mayanka a Najeriya, na kuma ji makiyayan Amurka suna kuka da shi da ire-irensa, wai nama yana tsada a kanti amma sa ba ya daraja a hannunsu. Gaskiya ne? Laifin kamfanoni ne ko na gwamnati?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kukan yana da tushe, amma ba kullum ne sa ke araha a can ba, kuma a nan ne maganar take da ɗan sarƙaƙiya.

Ka fara da abin da ka fi mu sani. In ka kai bijimi kara aka taya maka abin da bai yi maka ba, sai ka ce albarka, ka jira wani mai saye, in ta kama ka koma da abinka gida sai kasuwa mai zuwa. Mai turka a jihar Kansas ko Nebraska ta Amurka ba shi da wannan sararin. Maraƙin da aka yaye yana wata shida zuwa takwas yakan ƙare a babban shingen turka, inda ake ba shi masara da sauran abinci mai gina jiki kamar wata biyar zuwa shida, har ya kai kimanin laba 1,400, wato kilo 635. Daga nan kwanakin sayar da shi ƙidayayyu ne. In ya wuce mako biyu ko uku, abincin da yake ci kitse yake komawa, kuma mayanka tana rage kuɗin san da ya yi nauyi fiye da kima ko ya cika kitse. Saboda haka mai shi zai iya cewa albarka sau ɗaya, da ƙyar sau biyu. A na uku dole ya sallama.

Masu tayawar kuma 'yan kaɗan ne. Kamfanonin JBS da Tyson da Cargill da National Beef su ke yanka kusan kashi 85 cikin 100 na shanun turka a Amurka, alhali a 1980 manyan kamfanoni huɗu na lokacin kashi 36 kawai suke riƙe da shi. Kamfanonin kuma sun yi ta haɗiye juna: Tyson ya sayi kamfanin IBP a 2001, JBS na Birazil ya sayi kamfanin Swift a 2007. Kuma da yake sa mai ƙiba ba ya jure doguwar tafiya a mota, yana ramewa yana ƙujewa, mai turka ba ya iya kai shi duk inda ya ga dama. Mayankar da ke kusa da shi ita ce kasuwarsa, sau da yawa masu saye biyu ne ko ma ɗaya ke leƙo shingensa a mako.

Ana yanka farashi ne a kan kowace laba 100. San da muka ambata yana da irin wannan ma'auni 14, don haka dala ɗaya in ta ragu a farashi, an rage dala 14 a kan kowane sa, shinge mai shanu 200 ya yi asarar dala 2,800. A cinikin sa mai rai a jihohin kudu akan cire kashi 4 na nauyinsa a takarda, a madadin abinci da ruwan da ke cikin tumbi, kimanin kilo 25 ke nan. In kuwa a kan nama aka yi ciniki, sai an feɗe an cire kai da ƙirgi da kayan ciki, abin da ya rage kusan kashi 63 ne, kilo 400 ko kusa da haka. Sannan a duba darajar naman: yadda kitse ya ratsa tsoka, kaurin kitsen baya, ko san ya haura wata 30, ko naman ya yi duhu saboda wahalar da dabbar ta sha kafin yanka. Kowanne yana da ƙari ko ragi.

Babbar rigimar ba a kan wannan lissafin take ba. Yawancin shanun yanzu ba a cinikinsu baki da baki. Mai turka yana ƙulla yarjejeniya da kamfani tun da wuri cewa zai kawo shanunsa, za a biya shi matsakaicin farashin da kasuwa ta yi a makon da ya gabata, a ɗora ƙari ko ragin daraja. Tsarin yana da amfani, domin mai kyakkyawan sa yana samun ladan wahalarsa, mayanka kuma ta san abin da za ta yanka gobe. To amma wannan "farashin kasuwa" daga ina yake fitowa? Daga 'yan shanun da suka rage ana ciniki a kansu, waɗanda a 2005 sun haura rabi, daga baya suka koma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Kamfanin da ya riga ya cika yawancin buƙatarsa da shanun yarjejeniya ba ya gaggawar saye a fili. In ya taya da arha a kan 'yan kaɗan ɗin, farashin dubban shanun da ke kan yarjejeniya ma ya sauka tare da su. Ba sai sun haɗa baki ba, tsarin da kansa yana ba kowannensu dalilin jan ƙafa.

Sau biyu abin ya fito fili. Ranar 9 ga Agusta 2019 gobara ta tsayar da mayankar Tyson da ke Holcomb a Kansas, wadda ke yanka shanu kusan 6,000 a rana. Nan take nama ya tashi saboda masu kantuna sun tsorata, sa kuma ya faɗi saboda ya rasa ƙugiyar da za a rataye shi. Sai annobar korona ta 2020 ta kwantar da ma'aikatan mayanku, yanka ya ragu da kusan kashi 40 a ƙarshen Afrilu. Rahoton da ma'aikatar noma ta Amurka ta fitar a Yulin 2020 ya nuna tazarar da ke tsakanin farashin naman da mayanku ke sayarwa a kwali da na sa mai rai ta kai dala 67 a kan laba 100 bayan gobarar, ta kuma haura dala 279 a watan Mayun 2020. Kamfanonin sun ce ƙarancin wurin yanka ne ya jawo haka, kuma wannan gaskiya ne. Makiyaya suka ce ai tara yanka a 'yan gine-gine kaɗan shi ya sa gobara ɗaya ke girgiza ƙasa gaba ɗaya, su ma sun yi gaskiya.

Ƙungiyar makiyaya ta R-CALF ta kai ƙara a 2019 tana zargin haɗin baki. JBS ya yarda ya biya dala miliyan 52.5 ga masu sarin nama a 2022, da miliyan 83.5 ga masu shanu a 2025, ba tare da ya amsa laifi ba. Sulhu ne, kotu ba ta yanke cewa an yi haɗin bakin ba.

Yanzu kuma reshe ya juye da mujiya. Fari da tsadar abinci sun sa makiyaya sun sayar da shanun haihuwa, har garken ƙasar ya koma miliyan 86.7 a Janairun 2025, mafi ƙanƙanta tun 1951. Ƙugiyoyi sun fi shanu yawa, mayanku suna rububin saye, farashin sa ya kai inda bai taɓa kai ba, sashen naman shanu na Tyson yana ta bayyana asara. Gyaran garke kuwa ba ya sauri: saniya tana ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki, ɗanta kuma sai ya yi kusan shekara ɗaya da rabi kafin ya isa yanka. Don haka hukuncinmu shi ne yawan shanu idan aka gwada da yawan wurin yanka shi ke ɗaga farashi ko ya kayar da shi. Ƙarfin kamfanoni kuma shi ke sa in an shiga matsi, mai sa ne ke fara ɗaukar nauyin, kuma ya fi kowa ɗauka.

Gwamnati fa? Ba ta yanka farashin sa, kuma ba mu ga alherin ta yi hakan ba. Aikinta da ya yi tasiri shi ne na tsare ƙa'idar ciniki. Dokar 1921 da ke kula da mayanku da kasuwannin dabbobi, tare da gyaran da aka yi mata a 1976, ta wajabta a biya mai shanu kafin a tashi aiki washegarin ciniki, a riƙa gwada sikeli sau biyu a shekara, masu saye kuma su ajiye jingina saboda ranar da suka karye. Wata dokar ta 1999 ta tilasta wa manyan mayanku su kai rahoton farashin da suka saya sau biyu a rana, a buga kowa ya gani. Ko ita tana da ɓaraka: in masu saye a yanki ba su kai uku ba akan ɓoye alƙaluman don kare sirrinsu, shi ya sa farashin jihar Colorado yakan ɓace daga rahoto, a daidai wurin da aka fi buƙatarsa.

Inda gwamnati ta gaza shi ne barin haɗe-haɗen kamfanoni shekara da shekaru. Ta dai hana JBS sayen National Beef a 2008, amma a lokacin gari ya riga ya waye. Kotuna ma sun tsananta sharaɗi: a 2004 masu taimaka wa alƙali a Alabama sun ce Tyson ya biya makiyaya dala biliyan 1.28, alƙali ya soke, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansa. A 2020 sanatoci Chuck Grassley da Jon Tester sun kawo ƙudurin da zai tilasta sayen rabin shanu a fili tare da yanka su cikin kwana 14, bai zama doka ba, kuma babbar ƙungiyar makiyaya ta NCBA ba ta goyon bayan tilastawar. Makiyayan ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Gwamnatin Biden ta ware dala biliyan ɗaya a 2022 don ƙananan mayanku, sai dai ƙaramar mayanka kuɗin yanka kowane sa ya fi mata tsada, ba ta kuma samun abin da babba ke samu daga ƙirgi da kayan ciki da ƙashi.

Game da Najeriya, abin da aka sanya wa hannu a Nuwamban 2024 takardar fahimtar juna ce ta dala biliyan 2.5 a kan masana'antu shida, biyu daga ciki na naman shanu. Babban mai saye da ke biya a kan kilo zai iya yi wa mai turka rana, matuƙar kara da mahauta da masu lodin Legas suna nan a matsayin wata ƙofa. In har aka kawo maka takardar yarjejeniya, Malam, ka nemi a rubuta wanda ke da sikelin da wanda ke gwada shi, da ko za ka tsaya a kan awo da idonka. A rubuta kashi nawa za a cire na tumbi, da awa nawa san zai yi ba ci ba sha kafin a auna, don kada a yunwatar da shi sannan a sake cirewa a takarda. A fayyace na wa ne ƙirgi da kai da ƙafa da kayan ciki in a kan nama aka yi ciniki, domin a nan suna da kuɗi sosai. A sa ranar biya, a kuma faɗi wanda zai ɗauki asara in sa ya karye ko ya mutu a mota. Kada kuma ka ba su bijimanka duka a kan farashin da za a ɗauko daga kasuwar da su ne manyan masu saye a cikinta, ka bar uku ko huɗu ka kai Maigatari ka ji abin da za a taya.