Ƙararrawar tsaron gida tana ihu ba dalili: gyara ko sauyi?

Malam, ka ce ƙararrawar gidanka a Tumfure, Gombe, ta tsufa, tana ɓarkewa da ihu tsakar dare alhali ba kowa, musamman in an ɗauke wuta.

Fara duba batirin da ke cikin akwatinta. Yawanci mai 12V 7Ah ne, shekara 3 zuwa 5 yake yi, zafin garinmu da yawan ɗauke wuta kuma suna rage masa kwana. In ya kumbura, ko mitar gwajin wuta ta nuna ƙasa da 12V bayan ya sha caji, ya gama aiki. Sau da yawa nan matsalar take.

In ba shi ba ne, goge na'urorin gano motsi da busasshen ƙyalle. Ƙurar hunturu, saƙar gizo-gizo ko tsaka a fuskarsu na iya tayar da ita. Duba maganaɗisun ƙofa ma, wanda ke sanar da ƙararrawar in an buɗe ƙofa, ko ya goce.

Don Allah kada ka yanke wayar jiniya don haushi. Da yawa suna da nasu batirin, ƙara ihu za ta yi.

Ɓangaren wutar gida kuwa, bar wa ƙwararren mai gyara. In allon lantarkin da ke cikin ƙararrawar ya ƙone ko babu kayan gyaransa, sayi sabuwa mai layin waya, wadda za ta turo maka saƙo.