Amsa: farkawa cikin dare a kasa motsi

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka fara raba dare kana karatun jarabawa kake farkawa gab da asuba, kana jin ladan sarai, amma ko yatsa ba ka iya ɗagawa, ƙirjinka kamar an aza masa buhun gero. Dannau ke nan, kuma an san yadda yake faruwa.

Barci hawa-hawa ne, yana zagayowa kusan kowane minti 90. Akwai matakin da ƙwayar ido ke ta kai-komo alhali ido na rufe, ana ce masa REM. Wasu masana biyu, Aserinsky da Kleitman, ne suka gano shi a Jami'ar Chicago a 1953. A wannan matakin aka fi yin mafarki, kuma ƙwaƙwalwa kan tsayar da motsin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. In hankalinka ya dawo kafin jiki ya saku, sai ka maƙale a tsakani. Baƙar inuwar da wasu ke gani tsaye bakin ƙofa guntun mafarki ne ya biyo su. Matakin nan ya fi tsawo a ƙarshen dare, shi ya sa dannau yake kama ka da asuba.

Numfashinka bai tsaya ba, kuma abin ba ya wuce daƙiƙu ko 'yan mintoci. Ƙarancin barci, damuwa da kwanciya rigingine ne ke jawo shi; ga zafin Sakkwato na bazara da ke hana kowa runtsawa. Ka riƙa kwanciya ta gefe, a kan lokaci guda.

In kuma barci na fizgarka da rana tsaka ba shiri, je ka ga likita a UDUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.