Ƙwayar Tayiroksin da Shayin Safe

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Gadarif, a ƙasar Sudan, kuma shekara biyu ke nan da aka auna jinina aka ce halittar nan ta wuya da ake kira tayirod, wadda a nan muke ce wa gudda, ta yi rauni. Tun lokacin nake shan tayiroksin mai mayikrogiram 100 kowace safiya da shayi mai madara, tare da ƙwayar ƙarin jini. Awon baya-bayan nan ya nuna TSH ya hau, kasala da jin sanyi kuma sun dawo. Surukata tana cewa maganin da ba ya ƙarewa ba magani ba ne, in koma ga gishiri mai aidin. Ga azumi yana tafe. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Tayirod tana gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, kuma da aidin ɗin da ke cikin abinci take haɗa sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda su ke tsara saurin aikin jiki: ɗumi, bugun zuciya, motsin hanji, haila, har da kaifin tunani. Mafi yawan abin da take fitarwa T4 ne, wato tayiroksin, irin wanda ke cikin ƙwayar da kike sha, sai hanta da ƙoda da sauran gaɓoɓi su juya shi zuwa T3, wanda ya fi ƙarfi. Shi kuwa TSH saƙo ne da wata 'yar halitta a gindin ƙwaƙwalwa take aikawa tana neman a ƙara aiki, kuma hawansa tamkar ɗaga murya ne ga wanda aka kira bai amsa ba. Ke nan awonki yana cewa tayiroksin ɗin da ke isa jininki bai wadatar ba.

Abin da na fi zargi shi ne yadda kike shan ƙwayar. Madara tana ɗauke da kalsiyam, ƙwayar ƙarin jini tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, kuma dukansu suna kama tayiroksin a cikin hanji su hana wani kaso nasa shiga jini. Gahawa da maganin ƙwannafi ma suna rage shigarsa. Ki sha shi da ruwa zalla, ciki babu komai, ki jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, ƙwayar ƙarin jini kuma ki jinkirta ta da awa 4. Ki faɗa wa likitanki gaskiyar yadda kike sha a da, ku sake awo bayan mako 6 zuwa 8, domin sau da yawa wannan gyara kaɗai yana sauko da TSH. Kada ki ƙara adadin da kanki, saboda in ya yi yawa yana kawo bugun zuciya barkatai, rawar hannu da raunin ƙashi.

Maganar surukarki tana da tushe, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Ƙarancin aidin shi ne babban sanadin maƙoƙo, wato kumburin tayirod, an kuma daɗe da sanin yawansa a yankin Darfur na yammacin Sudan, inda aka gano cewa dogaro da gero yana ƙara tsananta shi ga wanda aidin bai ishe shi ba. Baligi yana buƙatar mayikrogiram 150 a rana, mai ciki 250, don haka gishiri mai aidin alheri ne ga gidan duka. Sai dai idan garkuwar jiki ce ta lalata tayirod, cutar da likitan Japan Hashimoto ya bayyana a 1912, to ƙara aidin kamar kai hatsi ne injin da ya mutu. Ƙwayar tana maye gurbin abin da jiki ya daina yi ne, shi ya sa mafi yawan masu wannan lalura suke shan ta har tsawon rayuwa. Abin da ke ruɗin mutane, kuma yana damuna ƙwarai, shi ne sai an yi kamar kwana 7 kafin rabin maganin ya bar jini, saboda haka wadda ta daina takan yi makonni tana jin garau, kafin ciwon ya lallaɓo ya dawo.

Azumi ba ya hana shan ta. Kina iya tashi da wuri ki sha minti 30 zuwa 60 kafin sahur, ko ki sha lokacin kwanciya idan awa 3 ta wuce da cin abinci. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai har Salla. Ki ajiye ta cikin kwalinta, nesa da rana da murhu, domin zafi irin na Gadarif yana rage mata ƙarfi. Idan kuma Allah ya ba ki juna biyu, ki je asibiti a makon da kika sani, domin buƙatar jiki takan ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, kuma a watannin farko ƙwaƙwalwar jariri da tayiroksin ɗin uwa take ginuwa.