Amsa ga yarona kan hoton kayan sayarwa da gyaransa

Yarona, ka tambaye ni abin da ya hana hotunan turare da shadda da ka ɗaukar wa wata mai shago a Kasuwar Barci yin kyau, duk da ka raba dare kana gyara su a kwamfuta, har kana tunanin ko kyamararka ce ta gaza. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, ban ga laifin kyamara ba. Haske ne ba ka shirya ba kafin ka danna, kuma abin da haske bai zuba a hoto ba, da wuya kwamfuta ta samar maka da shi.

Kayan da ba sa motsi suna ba ka abin da hoton biki ba ya bayarwa, wato lokaci. Shi ya sa ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan da suka rage a duniya, wanda Louis Daguerre ya ɗauka a Faransa a 1837, na kayan ado ne da aka jera kusa da taga, domin farantin da ake ɗaukar hoto a kansa a wancan zamani sai ya daɗe yana shan haske. Kai ma da taga za ka fara. Ka kashe ƙwan fitilar ɗaki tukuna, domin a ma'aunin launin haske da ake kira kelbin, hasken rana yana wajen 5500, na jan ƙwai kuma wajen 3000, idan suka haɗu a kan farar shadda sai gefe ɗaya ya yi shuɗi-shuɗi, ɗayan ya yi ruwan ɗorawa, irin abin da ya faru da hotonka ke nan.

Ka ajiye kayan yadda hasken zai zo musu daga gefe. Zanen da ke jikin shadda da saƙar hula ba sa fitowa sai da 'yar inuwa, fitilar kan kyamara kuwa tana dukan abu ta gaba ta shafe inuwar gaba ɗaya. Idan rana ta yi ƙarfi, ka rataya farin yadi mara kauri a tagar ya tausasa ta, sannan ka tsayar da farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske inda ya yi duhu. Ka lura da tazara sosai idan fitila kake amfani da ita, domin in ka ninka nisanta da kayan sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne kawai zai isa gare su.

Kwalba ita ce ta fi ba ka wahala, kuma ba kai kaɗai ba. Gilashi tamkar madubi yake, abin da ke kewaye da shi yake nunawa, shi ya sa na hango rigarka da ƙofar shagon a jikin kwalaben. Ka sa hasken a bayan kwalbar ya ratso ta cikin farin yadi domin launin turaren ya bayyana, ka kafa baƙin kwali dama da hagu, su ne za su zana mata gefe mai kaifi. Kafin duk wannan ka goge ta da kyau, ka daina taɓa ta da hannu tsirara, musamman yanzu da hunturu ya shigo Kaduna, ƙura na sauka kan kaya tun kana daidaita kyamara.

Ita kyamarar ka ɗora ta kan mazauninta mai ƙafa uku, ka bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, ƙofar haske tsakanin f/8 da f/11 domin gaba da bayan kayan su fito tas, ka sa ta jira daƙiƙa 2 bayan ka danna saboda girgizar hannu. Ka ɗauka a tsarin RAW, wanda ke riƙe bayanan haske fiye da JPEG, kuma hoton farko ka sa katin toka-toka, wanda ake auna daidaiton launi da shi, a cikinsa.

Da wannan katin za ka fara gyara. Ko manhajar Lightroom kake buɗewa, ko Photoshop, ko Snapseed a waya, ka daidaita fari tukuna, wato katin ya fito toka-toka ba shuɗi ba ɗorawa, sai haske da duhu, sai yanke gefe da cire ɗigon ƙura, ƙarin kaifi kuma a ƙarshe, shi ma kaɗan. Ka fitar da hoton a tsarin launi na sRGB tunda a waya za a kalle shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ka ƙara wa shuɗiyar shaddar nan launi har ta koma wadda babu ita a shagon. Wata baiwar Allah a Zariya za ta ga hoton a WhatsApp ta turo kuɗinta, a kai mata abin da ba shi ta zaɓa ba, mai shagon ta sha zargin ha'inci alhali hannunka ne ya jawo. Saboda haka in kana gyara, ka ajiye yadin a gefen allon, cikin hasken rana, kana kwatantawa.

Wannan makon ka ɗauki ƙwarya guda, kada ka motsa ta ko kyamarar, hasken kawai za ka riƙa sauya wa wuri: gaba, gefe, baya, da kwali da kuma babu kwali. Ka kawo min su ranar Asabar ba tare da ka gyara ko ɗaya ba.