Maigidana ya ce in bar aikin gidan marayu saboda korona

TAMBAYA: Salamu alaikum Allah gafarta Malam. Ina aiki a wani gidan marayu nan Kumasi, da mu tara ne masu kula da yaran amma tunda aka shiga lokdawun na korona a 2020 biyar sun daina zuwa, saura mu huɗu ga jarirai a ciki. Yanzu madam ta ce duk mai zama ta kawo jakarta ta kwana can sati biyu ba fita. Maigidana ya ce in ajiye aikin kar in kwaso masu ciwo, ga surukata tsohuwa mai ciwon suga muna gida ɗaya a Aboabo. Wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Toh tsoron mijinki ba ƙarancin tawakkali ba ne, kar ki ce masa haka. Lokacin annobar Amwas shekara ta 18 bayan hijira Sayyidina Umar ya kai Sarg, wani wuri a bakin iyakar Sham, ya juya da jama'a bai shiga Sham ba, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah kake? Umar ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Mu ma ai ranar 16 ga Maris 2020 aka rufe masallatanmu, ranar 30 aka kulle Ankara (Accra) da Kumasi, kuma babban limamin Gana Sheikh Usman Nuhu Sharubutu da kansa ya ce a bi doka.

Amma hadisin annoba da Bukhari da Muslim suka kawo kai biyu gare shi, mutane rabi suke riƙewa. In kun ji ta a wani gari kar ku shiga, in ta same ku a ciki kar ku fita don gudunta, kuma daga hikimar da malamai suka faɗa akwai cewa in masu lafiya duk suka watse wa zai ɗaga mara lafiya, wa zai ba shi ruwa. Hadisin kan gari yake magana ba gida ba, amma dalilin na nan a wurinku ƙarara. Jaririn wata shida ba ya dama wa kansa koko, ba ya canja famfas ɗinsa. Rainon yaran nan farilla ce ta kifaya, wato in wasu sun yi ta faɗi kan sauran, lokacin da kuke ku tara in ɗaya ta tafi ba laifi, yau da kuke huɗu ba mai karɓar ki ta koma kanki ke da kanki. Biyar ɗin da suka tafi ban san uzurinsu ba, ba zan yi masu hukunci ba.

Batun miji kuwa, a babin ijara (ɗaukar aiki da lada) na Muktasar Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, an yi maganar matar da aka ɗauka aikin shayar da ɗan wani, miji na iya ɓata yarjejeniyar in bai ba da izini ba tun farko. In da yardarsa kika kama aikin ba shi da ikon cire ki rana tsaka ana cikin wannan hali. In a ɓoye kika kama, toh wannan wata magana ce, sai kin nemi yardarsa.

Abin da ban halatta maki ba shine kai da kawo, safe ki hau tiroto (motar haya) yamma ki dawo ki zauna tabarma ɗaya da tsohuwa a gidan haya mai famfo ɗaya da bayi ɗaya. Annabi (SAW) ya ce kar mai dabba mara lafiya ya kawo ta cikin masu lafiya. Kinga kenan tsarin madam ɗinku shi ke kare surukarki, wannan za ki nuna wa maigida cikin ladabi, in ya cije ki sa babban wansa ko limamin unguwa ya kira shi a waya.

Ki zauna sati biyun, da sharaɗin su ba ku takunkumi da sabulu da bokitin Veronica (mai famfo na wanke hannu) a ƙofa, da ɗaki daban na yaron da ya fara tari ko zazzaɓi. Sanitaiza ki shafa abinki ki yi salla, ba ta karya alwala. In ke kanki kina da ciki ko asma ko suga, uzuri ya same ki, ki gaya wa madam yau ta nemi madadinki, kar ki kashe waya ki ɓace. Randa kika fito kuma ki keɓe kanki kwana 14 kafin ki shiga ɗakin tsohuwa. Wallahu a'alam.