Hukuncin Tara Tsofaffin Ƙananan Bindigogin Yaƙi Don Tarihi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Amurka ne, kuma na daɗe ina sha'awar tarihin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Sha'awar ta kai ni ga sayen tsofaffin ƙananan bindigogin soja a wajen gwanjo. Yanzu ina da Luger ta Jamus da libarba ƙirar Webley ta Ingila, ina kuma neman Mauser C96. Ba harbi nake yi da su ba, ajiye su nake ina bin tarihinsu. Maiɗakina ta ce almubazzaranci ne, wani abokina kuma ya ce makamin da ya sha jinin mutane bai kamata ya kwana a gidan Musulmi ba. Mene ne hukunci? Akwai zakka a kansu? Idan na tashi dawowa Najeriya zan iya tahowa da su?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan uwa, ajiye tsohon makami saboda tarihinsa halal ne a asali. Al'amari ne na al'ada da mu'amala, kuma ƙa'idar malamai a wannan babi ita ce halacci har sai dalilin hani ya zo. Ba ma ƙa'ida kaɗai muke da ita ba, akwai aikin magabata da ya yi kama da naka ƙwarai.

Bukhari ya ruwaito daga Urwa ɗan Zubairu cewa bayan an kashe ɗan uwansa Abdullahi, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya tambaye shi ko zai gane takobin mahaifinsa Zubairu. Ya ce zai gane. Ya ce, mene ne alamarsa? Urwa ya ce akwai giɓi a kaifinsa da ya samu ranar Badar. Abdulmalik ya ce ka yi gaskiya, ya mayar masa da shi. Hisham ɗan Urwa ya ce daga baya sun yi wa takobin ƙima a tsakaninsu 3,000, wani daga cikinsu ya ɗauka, shi kuma yana burin da ma shi ne ya ɗauka. Dubi abin da ke cikin wannan ƙissa. Tsakanin Badar da wannan tambaya an haura shekara 70. Giɓin da maƙeri zai kira aibi shi ne shaidar takobin. An yi masa kuɗi, an kuma yi kwaɗayin mallakarsa, alhali ba a rasa sababbin takubba a kasuwa ba. Babu wanda ya ce musu sun yi wasa da dukiya.

Maganar abokinka kuwa ba ta da tushe. Ƙarfe ba ya ɗaukar zunubi, mai ɗana kunama ne ke ɗauka. Zulfiƙar, takobin Annabi (SAW) da kowa ya sani, daga ganimar Badar ya same shi kamar yadda Ibn Abbas ya faɗa, wato a hannun mushrikai yake kafin nan. Idan kuma abokin naka yana nufin makamin zai jawo wa gida tsiya, wannan camfi ne, Annabi (SAW) ya kore shi.

Amma akwai gefen maganarsa da zan riƙe. Ƙarfen ba shi da laifi, sai dai zuciyar mai ajiye shi tana iya karkata. Mauser ɗin da kake nema an fara ƙera ta a 1896, kuma irinta Winston Churchill, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Ingila, ya riƙe a yaƙin Omdurman a Sudan, ranar 2 ga Satumba, 1898. A wannan yini aka kashe Musulmi kimanin 10,000 daga rundunar Halifa Abdullahi, magajin Mahdin Sudan. Webley kuma ta zama libarbar sojan Ingila a 1887, ita ce libarbarsu a zamanin da suka ci Kano da Sakkwato a 1903, har zuwa Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Wanda ya ajiye irin waɗannan don ya nuna wa 'ya'yansa abin da ya faru, ya ce ga irin kayan da aka zo mana da su, ya yi aiki mai kyau, domin Alƙur'ani ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen na da ya kasance. Wanda ya ajiye don jinjina wa azzalumai kuwa, Allah ya ce a Suratu Hud kada ku karkata zuwa ga waɗanda suka yi zalunci sai wuta ta shafe ku. Haka zancen yake ga Luger da aka ƙera a zamanin Hitler, masu ɗauke da ɗan hatimin mikiya da alamar 'yan Nazi. Hatimin da aka buga a masana'anta ba ya haramta bindigar. Amma a ƙawata ɗaki da tutocinsu da lambobinsu, ana biyan ninkin kuɗi don an ce wani babban mai kisan gilla ne ya riƙe ta, wannan ba na ganin halaccinsa.

Maganar maiɗakinka ta fi ta abokinka nauyi. Hadisin Mugira ɗan Shu'uba ya tabbatar da cewa Allah yana ƙin tozarta dukiya. Sayen abin da ke riƙe darajarsa, wanda za a iya sayarwa gobe, ba tozartawa ba ne a kan kansa. Ma'aunin shi ne halinka. Idan akwai bashi a wuyanka, ko ciyar da iyali yana tangal-tangal, ko iyayenka a gida suna jiran abin da ba ya zuwa, ko ba ka sauke farali ba alhali kuɗin bindigogin za su kai ka Makka, to ita ce mai gaskiya, ka tsaya. Sau da yawa mace kan ga ɓarakar gida kafin maigida ya gani, don haka ka zauna da ita ku yi lissafi.

Sai batun kasuwar kanta, wadda algus ya yi wa yawa. Luger tana da lambar ƙira, kuma ana buga lambobi biyu na ƙarshe a kan ƙananan sassanta. Wadda duk sassanta suka dace da juna ta fi tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa wasu ke goge lamba su buga wata, ko su sake wa ƙarfen launi su ce na asali ne, ko su ƙirƙiro takardar cewa wani soja ne ya kwaso ta daga fagen fama. Duk wannan yana ƙarƙashin faɗin Annabi (SAW) cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ranar da za ka sayar, ka faɗi duk gyaran da ka san an yi. Gwanjo halal ne, amma sa wani ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don farashi ya hau, shi ne najashin da aka hana. Wadda ka san ko ka kyautata zaton sato ta aka yi daga gidan tarihi ko rumbun soja, haramun ne sayenta. Haka sayar wa wanda ka san ɓarna zai yi da ita.

Kada tsufanta ya ruɗe ka, bindiga mai shekara 100 tana kisa. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya nuna ɗan uwansa da ƙarfe mala'iku suna tsine masa har sai ya daina, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. An kuma hana miƙa takobi a zare. Saboda haka ba a nuna ta ga mutum ko da wasa, ba a miƙa wa baƙo sai an duba babu harsashi, a kulle ta inda yara ba sa kaiwa, harsashi kuma a wani wuri dabam.

Bin dokar ƙasar da kake zaune wajibi ne a kanka, domin da alƙawarin bin ta ka shiga. Dokar tarayyar Amurka tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi. Luger ɗin sojan Jamus ta 1908 zuwa sama ba ta shiga ciki ba, kuma jihohi suna da nasu ƙarin sharuɗɗa, sai ka bi na jiharka.

Tahowa da su Najeriya kuwa, amsata a'a ce. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, har da tsofaffi masu ƙanƙara, ba a mallakarsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Hana irin wannan haƙƙin shugaba ne don maslahar jama'a, kuma yi masa ɗa'a a nan wajibi ne. Ko da babu doka, Bukhari ya kawo cewa Imrana ɗan Husaini ya ƙi a sayar da makami lokacin fitina, kai kuma ka san halin da Zamfara da Katsina suke ciki da 'yan bindiga. Da zarar an ji akwai bindiga a gidanka ka zama abin nema. Ka sayar da su can ta hanyar doka, ko ka bai wa gidan tarihi.

Zakka kuma tana bin niyya. Abin da ka saya don ajiya babu zakka a kansa komai tsadarsa, ƙiyasi a kan hadisin da ya ce babu zakka a kan Musulmi a dokinsa. Idan don kasuwanci ka saya, ya zama haja. A mazhabar Malik, mai ajiye haja yana jiran ta yi tsada zai fitar da zakkar shekara ɗaya ne ranar da ya sayar, matuƙar shekara ta zagayo wa jarin kuma kuɗin ya kai nisabi. Mai saye da sayarwa kullum kuwa zai yi wa kayan ƙima duk shekara ya fitar da kashi 2.5 cikin 100. Mafi yawan malamai na sauran mazhabobi suna wajabta ƙimar shekara-shekara a kan duka biyun. Yadda ka bayyana halinka, naka na ajiya ne, babu zakka a kansu.

Wallahu a'alam.